Sojan da ke cikin littafin Auta

'Yata ta ƙarshe tana ajin fita sakandare bana. Ran nan na dawo daga kasuwar citta na same ta a bakin ƙofa, takarda a cinya, kai a sunkuye, baki a rufe. Na tsaya a kanta na ɗan jima, ko leɓenta bai motsa ba. Na ce in barci take ji ta tashi ta shiga ɗaki. Ta ce, "Baba, karatu nake yi." Na ce wane irin karatu ne babu murya? Ta ce kwamfirihenshan ne, a ba ka guntun labari da Turanci ka karanta a zuciyarka, sa'an nan ka amsa tambayoyin da ke ƙasa. Ta ɗauka ban san abin ba. Na san shi tun kafin in san uwarta. Na wuce ciki, aka kawo tuwo, ban iya ci ba.

Ni ban yi nisa a boko ba. A aji huɗu na firamare na tsaya, ɗan rubutun nan ma da nake yi Littafi Mai Tsarki na Hausa ne ya riƙe mini shi bai gudu ba. Mai neman gwaninta ya nemi wani. Abin da na gani zan faɗa.

A kwatas ɗin reluwe na Kafanchan muka tashi. Babanmu mai juya wa jirgi layi ne, aikin tsayuwa a rana da ruwa, da tuta a hannu. Ɗaki biyu aka ba shi da ɗan kicin a baya, a cikin jerin gidaje iri ɗaya, wanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu daga kan gadonka. Ba mu da agogo, kuma ba mu taɓa bukatarsa ba. Kukan jirgin safe ne yake ta da Mama ta hura wuta, na tsakar rana yake kora yara wanka, na yamma kuwa in ya wuce kowa ya san aiki ya ƙare. Hayaƙin kwal yana sauka a kan wanki, farar riga ba ta kwana biyu tana fara. Mata suna bin gefen layi suna tsintar garwashin da injin ya zubar, ana surfa acca a bayan gidaje, turmi yana amsa wa turmi, masu tallar lemo da rake da dafaffen ƙwai suna tsere zuwa tagogin fasinja. A jerinmu kaɗai za ka ji yare ya fi na yatsun hannu, amma da an fito tsakar gida kowa sai ya koma Hausa, irin tamu wadda mutanen Kano suke wa dariya. Kwanan baya na bi ta wurin. An kwashe kwanon rufin, ciyawa ta cinye layin, awaki ne kwance inda Baba yake tsayawa. Wani yaro mai acaba ya tambaye ni wa nake nema. Na ce ba kowa.

Gidan nan ba namu ba ne. Ranar da ma'aikaci ya yi ritaya, ranar yake miƙa makulli. Shekarun Baba kuwa sun kusa cika. Amma ogansa na tasha ya taɓa ce masa, in ɗanka ya ci jarrabawar fita sakandare zan sa baki a ɗauke shi akawu, gidan ya koma sunansa, ku ci gaba da zama. Wannan magana ita Baba ya ɗora rayuwarmu duka a kai. Mu uku ya haifa, duk maza. Babban yayanmu ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, aka kwashe su a jirgi zuwa kudu ta layin da Baba da kansa ya juya, bai dawo ba. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya ce ya ga inda ya faɗi. Ni na biyu, aka cire ni daga makaranta na koma dakon buhunan citta a shagon kaya na tasha. Sai na ƙarshenmu, wanda kowa ke kira Auta. Shi aka bar wa boko.

Auta yana da murya. Tun yana ƙarami yake maƙalewa a tagar mai aski yana jin rediyo, yana kwaikwayon masu labarai da Turanci har da yadda suke jan numfashi. Wata Lahadi wata Baturiyar mishan ta zo sujada a cocinmu, fasto ya sa Auta ya karanta aya da Turanci. Da aka tashi matar ta riƙe hannun Baba ta ce, ta bakin tafinta, yaron nan yana karatu kamar ɗan garinsu. Shi ke nan. Daga ranar sunansa ya koma Bature. In baƙi sun zo makarantarsu shi ake fitarwa gaba ya karanta. A wajenmu lokacin, karatu abu ne da ake ji da kunne. Wanda ya iya, ya buɗe baki. Wanda ya yi shiru da littafi a hannu, ko dai bai iya ba, ko yana gyangyaɗi.

Da Auta ya shiga ajin ƙarshe na sakandare aka ba su wani littafi mai koren bango na gwajin wannan kwamfirihenshan ɗin. Kullum in jirgin yamma ya wuce, kafin duhu ya rufa, Baba yakan cire takalmin aiki ya zauna a kan guntun katakon layi ƙarƙashin mangwaron ƙofarmu, ya ce, "Bature, ɗauko littafin nan mu ji abin da muke wa wahala." Auta ya tsaya ya karanta, Turanci yana zuba, matan jeri su rage ƙarar turmi. Ranar farko da ya kai ƙarshen shafi, Baba ya gyara zama ya ce, "To, me suka ce?" Auta ya dubi shafin ya daɗe. Ni ina gefe ina wanke ƙafa, na ɗauka yana neman Hausar da za ta dace ne. Can ya ce, "Labarin wani soja ne, Baba. An gama yaƙi, an manta da shi a daji. Ba shi da kuɗin mota, bai san hanya ba, sai ya ga layin dogo. Ya ce in na bi wannan dole ya kai ni gida."

Mama tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar.

Daga ranar ba a ƙara fashi ba. Kowace yamma shafi ɗaya da Turanci, sa'an nan sojan da Hausa. Ya kwana a ƙarƙashin kwalbati. Wata tsohuwa ta ba shi rogo ba ta tambayi yarensa ba. Takalminsa ya mutu, ya ɗaure ƙafa da hannun riga. Ya yi zazzaɓi, leburorin gyaran layi suka ɗora shi a kan kurarsu ta turawa. Jerinmu duka yakan taru, har masu dawowa daga burkutu sukan tsaya su yi shiru. Baba ba ya cewa a karanta kuma, sai dai ya ce, "Ina mutuminmu ya kai yau?" Ranar da sojan ya haye wata doguwar gada a kan babban kogi, yana taka katako yana ganin ruwa ta ƙarƙashin ƙafarsa, Baba ya ɗaga yatsa ya ce, "Wannan Makurdi ne." Auta ya ce, "Littafin bai faɗi suna ba, Baba." Baba ya ce, "Ba sai ya faɗa ba. Na yi aiki a can."

A bayan jerinmu akwai wata mata Ibo mai sayar da garin kwaki da manja. Kafin yaƙi mijinta direban jirgi ne a nan. Sun gudu, ta dawo da 'ya'ya ba shi, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta yadda aka yi, ita ma ba ta taɓa tambayar Mama labarin yayanmu ba. Sukan yi musayar gishiri da daddawa, iyakarta ke nan. 'Yarta ta fari, wadda take kira Ada, sa'ar Auta ce, tana makarantar 'yan mata, ajinsu ɗaya, littafinsu ɗaya. A Kafanchan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Takan tsaya daga nesa da yamma tana ji, ba ta taɓa zama ba.

Wata rana ta tare ni a bakin famfo. Ta ce, "Yaya, zan faɗa maka magana, amma kada ka ce daga bakina ka ji."

Na ce ina ji.

Ta ce, "Babu soja a littafin nan."

Na ce, "Na jiya fa, da ya haye gada?"

Ta ce, "Shafin jiya yadda ake shanya ganyen shayi ne a wata ƙasa. Na shekaranjiya wani likita ne da sauro. Ba labari ɗaya ba ne ma, kowane shafi da nasa. Ƙaninka ya iya furtawa, ya fi malamarmu. Amma in ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa." Na ce to yaya aka yi ya kai ajin ƙarshe? Ta ce sauran darussa hadda yake yi. A wannan kuwa, sai ya duba kalmar da ke cikin tambaya, ya nemo ta a cikin labarin, ya kwafe layin gaba ɗaya. Malamai suna son muryarsa, suna ba shi rabin maki ya wuce. "Masu jarrabawar ƙarshe ba su san muryarsa ba, Yaya. Kuma su cewa suke ka faɗa da kalmominka."

Na same shi a rafi yana wanke rigar makaranta. Ban yi masa kwana-kwana ba, ban iya ba. Na ce, "Kai, buhun da nake ɗauka a wuyana don karatunka, na ganyen shayi ne ko na soja?" Ya tsaya da rigar a hannu. Bai yi musu ba. Ya ce, "Yaya, ina gane wasu. In maganar kasuwa ce ko ta aji, ina ganewa. Amma wannan, in na fara karantawa kunnena yana kan yadda yake fita, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kafin in ankara shafin ya ƙare, ba abin da ya zauna." Na ce me ya hana ka faɗa tun ranar farko? Ya ce, "Kana wanke ƙafa, ba ka ga fuskarsa ba. Ka taɓa ganin Baba yana jiran abu daga wajenka? Kai ba a jiran komai daga wajenka, shi ya sa kake barci." Na so in mare shi. Ban mara ba, don gaskiya ya faɗa.

Ada ta yarda ta taimaka. Watanni kaɗan suka rage. Da rana, lokacin da Baba yake bakin aiki, sukan zauna a bayan kicin ɗinmu. Dokarta ɗaya ce, ya rufe baki. Ya karanta layi biyu da ido, ta rufe shafin da tafin hannu ta ce, "Wa ake magana? Me ya yi?" In leɓensa ya motsa sai ta buga masa cokali a gwiwa ta ce, "Bature, ba coci muke ba." Yana zufa kamar mai noma. Amma abin ya fara kamawa. Wata rana ya fito yana dariya ya ce mini, "Yaya, ashe likitan nan mutuwa ya yi a ƙarshe." Ban taɓa ganin mutum yana murnar mutuwar wani haka ba.

Ba a yi nisa ba aka canza wa Baba lokacin aiki, ya dawo da rana tsaka. Ya zagaya baya ya tarar da ɗansa zaune shiru da littafi, yarinya a gefensa da hannu a kan shafin. Dama matan jeri sun fara 'yan maganganu. Ya ce wa Ada, "'Yata, je ki gida, ki gai da mamanki." Da ta tafi ya juyo kan Auta. "Wannan ne karatun? Tun daga bakin titi nake kasa kunne, ban ji komai ba. Karatun da ba a ji, wa zai shaida an yi shi?" Ina nan tsaye, sai na faɗa masa duka. Na ce yaron nan ba ya gane abin da yake karantawa, yarinyar nan ce kaɗai take taimakonsa, kuma babu wani soja a littafin. Baba bai taɓa dukana ba tun da na fara ɗaukar buhu. Ranar ya mare ni har kunnena ya yi kuka. Ya ce, "Baturiya ta ji ta yaba, fasto ya ji ya yaba, kai ɗan aji huɗu ne za ka gyara musu? Hassada ce, don kai aka cire." Ya dubi Auta ya ce, "Akwai soja ko babu?" Auta ya dubi ƙasa ya ce, "Akwai, Baba."

Aka hana Ada zuwa. Aka koma ƙarƙashin mangwaro. Ana gobe jarrabawa sojan ya hau wani tudu, ya hango duwatsu da ya sani, ya hango hayaƙin wata babbar tasha inda layi ya rabu biyu. Baba ya ce a ƙarasa. Auta ya ce saura shafi ɗaya, a bari sai an gama jarrabawa.

Abin da ya faru a ɗakin jarrabawa daga bakin abokansa na ji. Ɗaki tsit, ba ka jin komai sai takarda. Da aka raba ta Turanci Auta ya fara karantawa ƙasa-ƙasa, mai tsaro ya zo ya buga masa tebur. Ya sake, aka sake bugawa, aka ce in ya ƙara za a fitar da shi. Sai ya zauna yana kallon takardar. Da sakamako ya fito ya ci lissafi, ya ci ilimin addini, ya ci duk abin da ake haddacewa. Turanci ya faɗi warwas. Ba Turanci kuwa, ba aikin akawu.

Baba bai yarda ba. Ya ce ai ba su ji shi ba ne. Ya sa aka goge masa kakinsa, ya tasa mu gaba, ni da Auta, har ofishin shugaban makarantar. Mutumin ɗan ƙasarmu ne, mai haƙuri, ya ba Baba kujera. Baba ya ƙi zama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an zalunci yaron nan. An ba shi takarda an hana shi buɗe baki. Ina roƙo a rubuta wa masu jarrabawar su zo su ji shi da kunnensu, ko mu mu je, ina da fas na shiga jirgi kyauta." Shugaban ya yi ta bayani cewa ba haka ake yi ba, Baba yana maimaita maganarsa. Da ya gaji sai ya jawo wani littafi daga kan tebur ya buɗe ya miƙa wa Auta ya ce ya karanta. Auta ya karanta. Ko a coci bai taɓa yin mai daɗin wannan ba. Masinja ya leƙo ta ƙofa. Baba yana duban shugaban yana gyaɗa kai, kamar mai cewa ka ji ko.

Shugaban ya karɓi littafin ya rufe. Ya ce da Hausa, a hankali, "Ɗana, faɗa wa babanka abin da ka karanta."

Na ga bakin Auta ya buɗe, na san labari ne zai fito, don ya saba. Sai ya dubi shugaban, wanda ya san abin da ke shafin. Ya rufe bakin. Can ya ce, "Ban sani ba, Baba."

Baba ya ce, "Ka nutsu, ba sauri."

"Ban sani ba. Wancan littafin ma ban sani ba."

"Sojan fa?"

"Ni na yi shi."

Baba ya sa hularsa. Ya yi wa shugaban godiya, ya ce a gafarta masa ɓata lokaci. Muka taka har kwatas. Bai ba ni haƙurin marin ba, ni ma ban nema ba.

Shugaban ya ce Auta zai iya sake zama jarrabawar baɗi, amma ritayar Baba ba ta jira baɗi ba. Muka miƙa makulli, muka loda gado da tukwane a motar katako zuwa ƙauyenmu a gindin duwatsun Kagoro, inda Baba bai yi noma ba tun yana saurayi, kuma 'yan'uwa sun riga sun raba gonar. Aka ba mu ɗakin da ake ajiye awaki muka share. Mama ta tafi da kwanon abincin yayanmu, ta ce in ya zo kwatas maƙwabta za su nuna masa hanya. Ada ta ci, ta zama nas, na ji tana wajen Sabon Tasha da jikoki. Auta bai sake zama ba. Ya biyo ni cikin citta, har yau tare muke, shi ke kan sikeli. A coci bencin baya yake zama. Yaran yanzu ba su san an taɓa kiransa Bature ba, sun ɗauka mutum ne marar magana.

Baba bai daɗe a ƙauye ba. Mutumin da ya saba da kukan jirgi, shirun wurin ya cinye shi. Da ciwo ya kwantar da shi, wata yamma ya ce mini, "Kira mini ƙaninka." Auta ya shigo ya durƙusa a bakin gado. Baba ya ce, "Saura shafi ɗaya." Auta ya ce, "Baba, ba ya cikin littafi." Baba ya ce, "Na sani. Ƙarasa." Mama tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Muka jira. Auta ya buɗe baki, ya rufe. Ya riƙe hannun Baba, har rana ta faɗi bai ce komai ba. Baba ya juya fuska bango ya ce, "Ba komai. Ai ya kusa, yana ganin hayaƙi." Bai kai Lahadi ba.

Bayan an rufe shi mutane sun watse, na tsaya da Auta a bakin kabarin. Raina a ɓace yake. Na ce, "Ka yi wata da watanni kana zuba ƙarya ba wanda ya roƙe ka. Ranar da aka roƙe ka, mutum yana mutuwa, ka kasa?" Ya daɗe yana murza jar ƙasa a hannu. Ya ce, "Yaya, in na shigo da shi gida, Mama za ta juya ta duba ƙofa. In na kashe shi, na kashe shi a gabansu. Ina kake so in kai shi?"

Sojan yana nan kan tudun inda Auta ya bar shi, layin da zai bi ya sauko kuwa ciyawa ta rufe.